Yayen Karima

Zakiyya matar ƙanena Sadisu ce, mai gyaran babura a bakin tasha. Duk wadda ta taɓa sayen daddawa a unguwarmu a nan Birnin Gwari, da wuya in ba ta Zakiyya ta saya ba. Siririyar mace ce marar magana, mai bin gefen bango in tana tafiya. Ni kuma sunana Malama Nafisa, shekara ashirin da biyu ina koyarwa a firamare, kuma na daɗe ina cika baki cewa in na dubi yaro sau ɗaya na san abin da ke damunsa. Labarin Zakiyya ne ya raba ni da wannan cika bakin.

A Damari aka haife ta, ita ce 'yar fari a wurin uwarta, Inna Mairo. Ubanta ya rasu tana ƙarama. Kowa ya san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma ana yaba wa mai yin ta. To Inna Mairo ta kai wannan kunyar inda ban taɓa ganin wata ta kai ba. “Ke” take ce wa Zakiyya, in kuma da wani take magana sai ta ce “waccan”. Ranar da muka je ɗauko amarya, ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana ta tsintar kalwa a faifai. Muka dawo a mota muna ta yabonta. Ni da bakina na ce irin matan da ke nan, waɗanda suka san kara.

Da Zakiyya ta tare, na lura da wasu abubuwa, amma na mayar da su abin tsokana. Hannunta na hagu yana da tabon ƙuna tun daga yatsu har wuyan hannu. Ta ce a tukunyar kalwa ta faɗa tana shekara bakwai. Na ce, “Wace irin faɗuwa ce wannan, hannu ɗaya ya shiga kuma ya tsaya daidai wuyan hannu kamar an auna?” Ta yi murmushi ta ja mayafi ta rufe. Ba ta yarda a rufe mata ƙofar ɗaki. In mutum ya yi gyaran murya a bayanta, abin da ke hannunta sai ya faɗi. Shekara biyar tana ɗakin Sadisu ba ta taɓa cewa za ta je ganin gida ba. In an tambaye ta sai ta ce hanya. Hanyar kuwa da gaske ba ta da kyau, mutanen daji suna tare ta, don haka babu wanda ya ƙara tambaya.

A shekara ta shida ta haifi Karima. Bisa al'ada gida ya kamata ta tafi wankan jego, amma ta kama ƙafata tana roƙo, ni na yi mata wankan na kwana arba'in. A nan na ga wata Zakiyyar da ban sani ba. Matar da sai ta wuni ba a ji muryarta ba, ga ta tana surfa kalwa tana yi wa jaririya waƙa. Kuma ga Karima 'yar fari, amma sunanta take kira ɓaro-ɓaro a tsakar gida. Na ce, “Ke ba ki da kunya ne? 'Yar fari ce fa.”

Ta ce, “Yaya, so nake ta san sunanta a bakina.”

Na yi tsaki na ce 'yan zamani ke nan.

Karima tana da wata goma sha tara mutanen daji suka matsa wa ƙauyukan gabas, har da Damari, mutane suka riƙa kwararowa gari da abin da suka iya ɗauka. Wata rana da hantsi ina gidan Sadisu sai muka ji sallama. Inna Mairo ce, da ƙullin kaya ɗaya a ka. 'Ya'yanta maza sun yi Zariya, ita kuma ta ce ba za ta iya nisa da gonarta ba. Zakiyya tana juya kalwa a tukunya. Ban manta yadda muciyar ta tsaya cak a hannunta ba. Ta durƙusa ta ce, “Sannu da zuwa, Inna.” Inna ba ta dube ta ba. Ta dubi yarinyar da ke riƙe da zanen uwarta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, “Wannan ai ta isa yaye.”

Cikin mako biyu Inna Mairo ta saye unguwa. Tsohuwa ce mai fara'a, mai tasbaha a hannu, ta san maganin haƙori da na shawara, kuma in ta ba da labarin yadda suka fito daga Damari ta cikin daji sai kin share hawaye. Ni kaina kullum in na taso daga makaranta sai na biya mun yi hira. Zakiyya kuwa ta fara lalacewa a gaban idonmu. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta ajiye wuƙa a nan, a same ta a can. Daddawar da ta rufe da ganye don ta nuna aka wayi gari a buɗe, duk ta ɓaci, ta rantse ta rufe. Inna sai ta girgiza kai ta ce mini a hankali, amma yadda Zakiyya za ta ji, “Haka take tun tana ƙarama, Malama. Sai ta yi abu ta manta ta yi.”

Ana saura kwana uku a fara yaye, Zakiyya ta zo gidana da rana tsaka, Karima a baya. Ta ƙi zama a kujera. Ta ce, “Yaya, alfarma nake nema. Ke ki karɓi yayen Karima. Kada a ba Inna.”

Na ce, “Kakarta tana cikin gida, a tsallake ta a kawo wa gwaggo? Me mutane za su ce?”

Ta ƙi faɗin dalili. Na matsa mata. Can sai ta zare hannun nan na hagu daga cikin mayafi ta ɗora a gwiwarta.

“Ba faɗawa na yi ba. Ita ta riƙe shi a ciki. Ta ce in na yi kuka za ta sa ɗayan.” Muryarta ba ta ko rawa. “A rumbu take rufe ni, tun safe har la'asar. In maƙwabta sun tambaya sai ta ce ta aike ni itace.”

Da ma in ce na rungume ta. Ban yi ba. Raina ne ya ɓaci, don na ga tsohuwar da idona, na ci abinci da ita. Na ce, “Ki ji tsoron Allah, Zakiyya. Uwarki ce fa. Wace uwa ce ba ta hori ɗanta ba? Kada in ƙara jin wannan maganar a bakinki.” Ta ce to. Ta gyara goyonta ta fita, ban ko raka ta ƙofa ba. Har yau in na tuna wannan “to” ɗin sai in ji kunya ta rufe ni.

Aka fara yaye, Karima ta koma ɗakin Inna. Kwana uku ana jin kukanta har waje. A rana ta huɗu kukan ya ɗauke ɗif. Matan unguwa suka yi ta sa wa Inna albarka, wai hannun tsofaffi daban ne. Na je na tarar da yarinyar zaune a tabarma, ta ɗora hannuwa a gwiwa, ba ta wasa, ba ta motsi. Na miƙa mata alewa, sai da ta fara duban fuskar Inna kafin ta karɓa. Yarinyar da ba ta cika shekara biyu ba. Abin bai kwanta mini ba, amma na ce wa kaina kewar nono ce.

Bayan mako guda Inna ta aika a kira ni, ta sa aka kira Sadisu daga wurin aiki. Ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda suruki yake yi. Ta ɗaga rigar Karima. A cikin cinyoyinta, inda ido ba ya kaiwa, akwai sawun mintsini, wajen guda shida, sun yi baƙi. Inna ta fashe da kuka.

“Na so in rufa mata asiri, amma ba zan iya ba. In na shiga bayan gida sai waccan ta lallaɓo. Jiya na kama ta da idona. Ba laifinta ba ne, iska ce take taɓa ta. Tana shekara bakwai ta tsoma hannunta a tukunya da kanta, ina kallo, kafin in kai gare ta aikin gama ya gama. Daga baya ta ce wai ni ce.”

Nan take komai ya zauna mini daidai: mantuwar, firgitar, da maganar da ta zo mini da ita. Aka kira Zakiyya. Da ta ga cinyar yarinyar ta yi wani irin sauti, ta miƙa hannu, Sadisu ya tare ta. Ya ce, “Ke kika yi wannan?”

Ta ce, “Ban yi ba.”

Inna ta juyo gare ta. Ta dai share hawaye ta zuba mata ido. Ina kallo kafaɗun Zakiyya suka sauka, kanta ya sunkuya.

Ta ce, “Ban tuna na yi ba.”

Wannan maganar ce ta kashe ta. Sadisu mutum ne mai sanyi, amma ranar ransa ya ɓaci matuƙa. Lokacin hanya ta ɗan lafa, manoma sun fara komawa don gyaran gona kafin ruwa ya sauka, kuma Inna ta riga ta ce za ta bi motar ranar Laraba. Ya yanke cewa Karima za ta bi kakarta, har sai an nema wa Zakiyya magani. Duk mun san abin da hakan yake nufi. A can babu layin waya, kuma in hanyar ta sake rufewa sai a yi wata shida ba a ji labarin mutum ba. Amma muka ga gara haka da a bar yarinya a hannun mai iska. Ni na kawo shawarar Zakiyya ta koma gidana na kwana huɗun da suka rage, kada ta ƙara kusantar yarinyar.

An yi hutun makaranta, don haka na tsare ta kamar yadda ake tsare madara a wuta. Ɗaki ɗaya muke kwana, in za ta zagaya ina tsaye a tsakar gida, ƙofar waje kuma mabuɗin yana ƙugu na. Ba ta yi gardama ba. Ba ta cin abinci sai na tsaya a kanta. Nononta ya cika yana yi mata zafi, rigarta tana jiƙewa. Rana ta biyu na same ta da reza tana yanke farcenta, ta yanke har ya kai ga nama, yatsu biyu suna jini. Na fizge rezar.

Ta ce, “Yaya, ko ni ce? Inna ta ce tun da can haka nake. In ni ce, gara a tafi da ita.” Sannan ta ƙara da cewa, “Amma in ba ni ba ce fa?”

Na ɗaure mata yatsun na ce ta yi ta istigfari.

Ranar Laraba da safe ta roƙe ni in bar ta ta je tasha, ko daga nesa ta ga yarinyar. Na yarda, bisa sharaɗin za ta tsaya a rumfar mai shayi. Motar a-kori-kura ce, an cika bayanta da buhunan taki da mutane, an ba Inna gidan gaba saboda tsufa. Matan unguwa sun zo rakiya, wata da ƙullin gari, wata da sabulu. Sadisu yana ɗaure kaya. Karima tana cinyar Inna cikin sabuwar riga, shiru.

Direba ya tayar da mota ke nan sai Inna ta yi tsaki, yarinyar ta jiƙa mata zane. Na ce ta kawo ta in canza mata. Na kai ta bayan wata rumfa, na cire wandon. Tsofaffin tabban suna nan, sun fara dushewa. A gefensu akwai wasu guda uku, jajaye, ɗaya ma inda farce ya shiga jinin bai gama bushewa ba.

Kwana huɗu Zakiyya ba ta bar gaban idona ba.

Kuma ga abin da na yi, ba zan ɓoye ba: na sa mata busasshen wando, na sauke rigar, na ɗauke ta na nufi motar. Abin da ke kaina shi ne, ta yaya zan dubi tsohuwa mai furfura a gaban jama'a in ce ita ce? Me zan ce wa matan nan? Direba yana ta danna ham. Inna ta miƙo hannu biyu ta taga tana murmushi, ta ce, “Miƙo ta, Malama, kada mu makara.” Ina tafiya, ina jin bugun zuciyar yarinyar a ƙirjina, kuma ban tsaya ba.

Saura taku uku in kai na ji an zare ta daga hannuna. Zakiyya ce. Daga rumfar mai shayi ta ga fuskata, ba ta buƙaci a gaya mata komai ba. Ta juya yarinyar baya, ta ɗaura zane, ta ƙara da mayafinta ta ƙulle a ƙirji, ƙulli biyu.

Inna ta buɗe ƙofa ta sauko a hankali. Murmushin yana nan.

“Sauke ta.”

“Ba zan sauke ba, Inna.”

Tunda nake ban taɓa jin ta musa wa kowa ba. Tashar ta fara yin shiru. Sadisu ya taho da igiya a hannu yana cewa, “Zakiyya, mene ne haka?” Inna ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Ta matso har numfashinta yana taɓa fuskar 'yarta, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma ina kusa na ji.

“Kin san abin da zan yi in kika kunyata ni a nan.”

“Na sani, Inna.”

Sai Inna ta sa hannu cikin tata rigar ta kama nononta. Matan da ke wurin suka ɗauki salati. Babu ɗan Bahaushen da bai san wannan ba: in uwa ta ɗaga wa ɗanta nono, ta gama da shi duniya da lahira. Wata ta riƙe hannun Inna tana ba ta haƙuri. Wasu suka yi kan Zakiyya: ki ba ta, ki ba ta, 'ya ai za ki sake haifa, uwa fa? Wani dattijo daga bayan mota ya ce, “Yarinya, aljannarki tana ƙarƙashin ƙafar matar nan.” Zakiyya mai tsoron Allah ce, ta yarda da wannan fiye da duk wanda ke wurin.

Inna ta ɗaga murya, ta ce, “Zakiyya.” Wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinta, kuma daga baya Zakiyya ta ce mini ita ma haka. “Nonon nan da kika sha, ban yafe ba. Kada ki ga daidai a duniya. Kada ki ga rahama ranar da za ki kwanta dama. Ko gawata ban yarda ki gani ba.”

Zakiyya ta durƙusa a ƙasa da goyonta, kamar mai gaisuwa. Ta ce, “Na ji, Inna.” Hannuwanta biyu suna kan ƙullin, ba ta kwance ba.

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ja Sadisu gefe na gaya masa abin da na gani, da kwanakin da na ƙirga. Ya dube ni, ya dubi Inna, igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya je ya tsaya a gaban matarsa. Inna ta gyara rigarta, ta hau mota, ta ce wa direba su tafi.

Shekara biyu ke nan. Sadisu ya hana a yaɗa zancen tabban, ya ce surukarsa ce ko ba komai, don haka abin da unguwa ta sani kawai shi ne an tsine wa Zakiyya a tasha. Rabin masu sayen daddawarta sun koma wani wuri, wai ba sa cin abin hannun wadda uwa ta sallama. Ba a kiranta suna ko biki sai an rasa yadda za a yi. Karima ta daɗe kafin ta koma yin kuka irin na yara. Yanzu kuwa bakinta ba ya rufuwa, har ta fara yi mini rashin kunya, kuma ina ƙyale ta.

Zakiyya ta aika wa Inna saƙon neman gafara sau huɗu, duk lokacin da aka sami mai zuwa. Ba a taɓa dawo da amsa ba. Bara da kaka Inna ta rasu bayan gajeriyar jinya, sai da aka yi kwana tara da binne ta labarin ya iso mu. Wanda ya kawo labarin ya ce an tambaye ta ko tana da saƙo ga 'yarta, ta juya fuska bango.

Na kai Zakiyya wurin malamai biyu. Dukansu sun ce mata bakin da aka yi bisa zalunci ba ya kama mutum, Allah ba azzalumin bawansa ba ne. Ta saurara, ta yi godiya, amma na san ba ta yarda ba. In ta yi tuntuɓe, ko zazzaɓi ya kama ta, ko daddawa ta ƙi nuna, sai in ga tana gyaɗa kai. Rannan na gaji na ce mata, “Wai har yaushe za ki yi ta ɗaukar wannan abu a ranki? Ba ki tsoron ya kashe ki?”

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

“Ina tsoro, Yaya. Kullum ina tsoro. Amma ranar nan da na durƙusa, saurare nake yi. Na bi maganarta ɗaya bayan ɗaya har ta gama. Ni kaɗai ta ambata. Ba ta sa Karima a ciki ba.”